Ra'ayinmu: Mai Hoto Ne Zai Sunkuya, Ba Tsuntsu Ne Zai Tashi Ba

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, kafin ruwan shuka ya zauna, shamuwa kan dawo garuruwan Kudan da Makarfi da Ikara. Takan yi rani a gabashi da kudancin Afirka, sannan ta dawo ta ɗaura sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, domin ta san ba a taɓa ta. Manomi ya gan ta sai ya fara gyaran garma, ya duba iri. Babu wanda bai san shamuwa ba, amma a tambayi mutum launin fuskarta lokacin da take kwanci, sai ya yi shiru. Fatar fuskar shuɗiya ce, da ɗan ja a gaban ido, cikinta fari fat, gwiwoyi da yatsu jaja-jaja. Shekara da shekaru muna zaune da ita ba mu yi mata kallon tsanaki ba, saboda kullum tsaye muke ganinta, muna wucewa, hankalinmu yana wani wuri.

Wannan giɓi ne masu ɗaukar hoton tsuntsaye daga kusurwar da ido bai saba da ita ba suke cikewa. Wani ya kwanta rub-da-ciki a bakin kududdufi, wani ya yi rigingine ya ɗauki tsuntsu yana shawagi a kansa, wani ya hau bishiya, wani kuma ya tashi ɗan jirgi marar matuƙi ya leƙo daga sama. Irin waɗannan hotuna sun cika Facebook da Instagram. Waya mai kyamara ta shiga kowane ƙauye, masu hoton biki a Zariya da Kano sun mallaki kyamarori masu dogon gilashi, wasunsu har da jiragen. Saurayin Hunkuyi ko na Likoro da ya ga irin hoton zai so ya gwada, kuma abin da yake nema yana bayan gidansu: fadamun rake, gonakin shinkafa, tafkuna, kwarin da ruwa ya zaizaye, da manyan itatuwan cikin gari. Shin a ƙarfafa masa gwiwa, ko a taka masa birki? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa muka ga ya dace a yi maganar yanzu.

Mu fara da hujjar masu goyon baya, domin tana da ƙarfi. Idan ka ɗauki tsuntsu kana tsaye, bayansa kawai za ka samu, da ƙasa da ciyawa da kashin shanu a zagaye da shi. Idan ka sauko har kyamara ta daidaita da idonsa, komai ya sauya. Abin da ke bayansa ya yi nisa ya dusashe, shi kaɗai ya fito fes, ƙwayar idonsa tana ɗauke da hasken safiya. A tafkunan da bado ya rufe akwai wani tsuntsu mai jikin ruwan ƙasa da farin wuya da shuɗin goshi, wanda yatsunsa suka yi tsawo ƙwarai, yana takawa a kan ganye ba ya nutsewa. A wurin wannan tsuntsu, namiji ne ke kwanci, shi ne kuma ke reno. Idan ya ji motsin haɗari sai ya tsuguna, 'ya'yan su shige ƙarƙashin fikafikansa, ya matse su ya miƙe ya yi gaba da su. Mai kallo daga kan gaɓa ba zai ga komai ba. Wanda ya ajiye kyamara a daidai fuskar ruwa shi ne zai ga ƙananan ƙafafu suna reto daga ƙarƙashin fiffiken uban. Gani ya kori ji, kuma wannan gani bai samuwa sai an sunkuya.

Haka yake ga kallo daga ƙasa. Shirwa da muke yi wa kallon ɓarauniyar 'yan tsaki, idan aka ɗauke ta daga ƙarƙashi, za a ga yadda take murza wutsiyarta mai baki biyu tana juya akalar tafiya ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Aya ta 19 ta Suratul Mulk tana jawo hankalin mutum ne ga wannan kallo, wato ya ɗaga kai ya yi tunani a kan tsuntsayen da ke samansa da kuma Wanda yake riƙe da su. Aikin kuwa yana da ƙa'idojinsa. Sararin sama yana da haske, kyamara takan ruɗe ta mai da tsuntsun baƙi ƙirin, sai an ƙara mata haske da hannu. Tsuntsu mai tashi yana buƙatar ƙiftawar kyamara ta kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ko fiye. Tsuntsaye suna fuskantar iska idan za su tashi ko za su sauka, don haka mai hoto yakan ba iska baya, ya kuma so rana tana bayansa. Hantsi da la'asar sakaliya sun fi tsakar rana. Wanda ba shi da babbar kyamara yana iya manna idon wayarsa a bakin madubin hangen nesa ya samu abin nunawa. Duk wannan ilimi ne, kuma yaron da ya koye shi ya koyi lura da haƙuri, abubuwan da za su amfane shi a kowace sana'a.

Hujja ta biyu ita ce tarihi. Wannan yanki ba baƙo ba ne ga masana tsuntsaye. A shekarun 1960, Hilary Fry, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazarin tsuntsayen Zariya da kewaye, ya buga jerinsu a 1965 a mujallar ƙungiyar masana tsuntsaye ta Najeriya, wadda aka kafa a 1964. A kwarurrukan nan ne ya zauna yana lura da wani ɗan tsuntsu kore mai jan maƙogwaro, mai cin ƙudan zuma, wanda ke haƙa rami a jikin gaɓa ya yi ƙwai a ciki da rani. Ya gano cewa ba iyaye biyu kaɗai ke ciyar da 'ya'yan ba, wasu daga cikin dangi sukan taya su. Wannan bincike ya shiga littattafan duniya. Yau kuma, cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda aka fara a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, masu sha'awa suna shiga su rubuta abin da suka gani ta manhajar waya. Najeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900. Hoto mai kyau, wanda ya nuna ƙarƙashin fiffike ko launin ƙafa, shi ne ke raba gardama idan an yi shakkar irin tsuntsun. Tunda manyan dazuzzuka irin na Kamuku a Birnin Gwari sun yi wuyar shiga saboda rashin tsaro, abin da ake gani a gonaki da fadamu na kusa da gida ya ƙara daraja.

Akwai kuma abin da muka riga muka rasa. Duk wanda ya manyanta ya san lokacin da ba a raba mahauta da ungulu. Yau sai a zagaya kasuwanni da yawa ba a ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya wannan ungulu tamu a jerin masu dab da ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta don magani da tsafi. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, ta kusa zama labari a fadamunmu. Sun tafi a hankali ba wanda ya ajiye shaida. Al'ummar da take ɗaukar hoton tsuntsayenta, tana rubuta wuri da rana, za ta farga da wuri idan wani iri ya fara ja da baya. Yaron da ya ajiye danƙo ya ɗauki waya kuwa, mun rage maharbi ɗaya, mun ƙara mai tsaro ɗaya.

Sai dai masu ɗari-ɗari da lamarin su ma suna da gaskiyarsu, kuma ba ƙarama ba ce. Neman kusurwar da wani bai samu ba yana da jaraba: kullum sai ka ƙara matsawa. Inda abin ya fi muni shi ne sheƙa. Zakaran ƙeƙuwa a ƙasa tsirara yake ƙwai, a bakin ruwa. A watan Maris da Afrilu, idan rana ta take, ba ɗumama ƙwan uwar ke yi ba, inuwa take yi masa. Mai hoto ya kwanta kusa don ya samu daidai idonta, ta tashi ta bar wurin tana kuka, shi yana ta ɗauka yana murna, ƙwan yana dahuwa a rana. Ko da ƙwan ya tsira, hankaka yana kan reshe yana kallo, ya ga inda mutum ya daɗe yana zura ido, kuma da mutumin ya juya baya zai sauka. Wanda ya hau bishiyar da balbelu suka yi sheƙa don ya leƙo daga sama zai firgita 'ya'yan da ba su yi fiffike ba, su faɗo ƙasa. Wanda ya datse reshe don ganye ya tare masa, ya buɗe wa rana da shirwa ƙofa. Wanda ya taka saman gaɓar da tsuntsaye suka haƙa ramuka yana iya rufta musu gida da 'ya'ya a ciki. Hoton zai fito da kyau, a yi ta yabo, babu wanda zai san abin da ya biyo baya.

Ƙasashen da suka riga mu a wannan sana'a sun koyi darasin da tsada. A 1937, Eric Hosking, shahararren mai hoton tsuntsaye na Ingila, ya rasa idonsa na hagu lokacin da mujiya ta kai masa sura kusa da sheƙarta. A Birtaniya, dokar 1981 ta haramta damun wasu tsuntsaye a kan sheƙa, ko da don hoto ne, sai da lasisi. Mu kuwa muna da abin da ya riga wannan doka da ƙarnuka. Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai a kan tafiya sun ɗauki 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa, uwar ta zo tana kaɗa fikafikai a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna rashin yardarsa da tayar mata da hankali, ya umarci a mayar mata da 'ya'yanta. Ba a kashe tsuntsu ko ɗaya ba a wannan ƙissa, tayar da hankalin kawai aka hana.

Batun jirgi marar matuƙi yana buƙatar adalci. A wani gwaji da masana suka yi a Faransa, aka buga sakamakonsa a 2015, an tashi jirgin sau 204 ana tunkarar agwagi da wasu tsuntsayen bakin ruwa. A kashi 80 cikin 100 na tashin, jirgin ya matso har mita 4 ba tare da an ga sun razana ba. Amma sun fi firgita idan ya sauko musu kai tsaye daga sama, wato ta inda shaho ke kawo hari. Ashe kusurwar da masu hoto suka fi kwaɗayi, ita ce wadda tsuntsu ya fi tsoro. Masanan sun ba da shawarar a tashi jirgin daga nesa da mita 100, sun kuma ja kunne cewa rashin motsi ba ya nufin hankalin tsuntsu a kwance yake. A Najeriya ma, tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta hana tashin waɗannan jirage ba tare da izini ba.

Sannan akwai maguɗi. Hanya mafi sauƙi ta samun kusurwar da ake so ita ce a kama tsuntsun, a ɗaure masa ƙafa da zare a jikin reshe, ko a ba yara kuɗi su kwaso 'ya'ya daga sheƙa. Ranar da yaran ƙauye suka gane cewa ɗan tsuntsu yana kawo naira, an buɗe kasuwar da za ta yi wuyar rufewa. Kama tsuntsun daji da hannu yana da haɗari ga kajin gida ma: a Jaji, nan jihar Kaduna, aka fara tabbatar da mummunar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a Fabrairun 2006. Wasu kuma sukan kunna kukan tsuntsu a waya, namiji ya zaci kishiya ta shigo masa gida, ya bar kiwo da reno ya fito yana neman abokin faɗan da babu shi.

Ba tsuntsu kaɗai ke da haƙƙi ba. Shamuwa a cikin gari take sheƙa, kuma wanda ya hau tsamiya ko ya tashi jirgi don ya leƙa sheƙarta, ya leƙa tsakar gidan mutane. A al'adarmu ko magini ba ya hawa soro sai an sanar da maƙwabta. Fadama kuma ba daji ba ce, gonar wani ce, kuma mai rarrafe yana bin tsuntsu zai karya tumatir, ya tattake shinkafa. A wannan zamani da kowa ke kwana da ido ɗaya, baƙon da aka gani kwance a cikin rake da wani dogon abu baƙi a hannu yana iya jawo wa kansa abin da bayani ba zai gyara ba. Ruwan kududdufi yana ɗauke da tsargiya, ciyawar fadama tana ɓoye maciji. Manomin da jan-baki ya cinye wa shinkafa, wanda 'ya'yansa ke wuni a gona suna kora, yana da damar ya tambaya: wane alheri tsuntsu ya yi mini da za a riƙa yi masa hoto? Amsarmu gare shi ita ce, hoton ne zai nuna masa abokinsa daga abokin gabarsa. Shamuwa fara da tsutsa take ci, balbela tana bin garma tana tsince ƙwari, mujiyar da ake jifa saboda camfi ɓeraye take kamawa. Wanda ya san wannan ba zai yi wa kowane mai fiffike kuɗin goro ba.

To ina mafita? Muna ganin tana cikin gidanmu. Maharbin Hausa ya daɗe da sanin yadda ake kusantar abin daji. Yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa, ya riƙa tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, har ya shiga tsakiyar dabbobi ba su farga ba. Duk wahalar a kansa take: shi ne mai ciwon gwiwa, shi ne mai jira, shi ne mai karanta iska. Idan dabba ta razana, aikinsa ya ɓaci. Mai hoto na ƙwarai haka yake, bambancin kawai shi ne idan ya gama, abin da ya nema yana nan da ransa. Turawa ma da wannan dabara suka fara: 'yan uwan nan biyu na Ingila, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka fitar da littafin hotunan sheƙuna a 1895, sun taɓa ɓuya a cikin fatar sa da aka ɗinke a kan katako don tsuntsaye su sake da su. Ɗan Kudan ba ya buƙatar fatar sa. Bukkar kara a gefen fadama ta isa, ko ya zauna kusa da mai huɗa ko makiyayi, waɗanda tsuntsaye suka riga suka saba da su.

Ga matsayinmu. Muna goyon bayan wannan sana'a, kuma muna kira ga matasan Kudan da Makarfi da Ikara su shige ta. Amma ma'auninta ɗaya ne: mai hoto ne zai sauya wurin tsayuwarsa, ba tsuntsu ne zai sauya abin da yake yi ba. Kwanciya a ƙasa, ajiye kyamara a fuskar ruwa, kallo daga ƙarƙashi, ɓuya a bukka tun asuba, hawa tudu ko dutse don a daidaita da mai shawagi, duk mun yarda da su. Idan tsuntsu ya daina kiwo ya miƙe wuya yana kallonka, ko ya fara kukan gargaɗi, ka wuce iyaka, ka ja da baya. Hawa bishiyar sheƙa, datse reshe, taɓa ƙwai, tashin jirgi a kan sheƙa ko a kan gidajen mutane, ɗaure tsuntsu, sayen 'ya'yansa daga hannun yara, kunna kuka a lokacin kwanci, waɗannan ba mu yarda da su ba ko da hoton zai ci gasar duniya.

Kafin a shiga fadama, a gaida mai gona, a nemi izininsa, a sanar da mai unguwa ko dagaci, a nuna wa 'yan sintiri abin da ke cikin jaka. Idan za a sa hoto a intanet, a rubuta sunan tsuntsun da Hausa, da garin, da ranar, a kuma tura wa masu aikin taswira. Amma idan ungulu ce ko gauraka ko burtu, a ɓoye takamaiman wurin, domin masu nemansu don sayarwa su ma suna da waya. Dattawa da maharba da makiyaya sun san sunaye da halayen tsuntsayen da ba a rubuta ba, a zauna da su a tambaye su tun suna raye.

Akwai rawar da hukumomi za su taka. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin dabbobi da sashen zane-zane, kuma Samaru ba ta da nisa da Hunkuyi. Koyarwa ta kwana biyu ga masu hoton biki da malaman sakandare na waɗannan ƙananan hukumomi uku za ta yi tasiri mai yawa. Makarantu su kafa ƙungiyoyin kallon tsuntsaye. Sarakuna da limamai su sa baki a kare manyan itatuwan da shamuwa da balbela ke sheƙa a kansu, domin in an sare su babu sauran abin ɗauka. Masu kallo su ma suna da nasu alhakin, tunda yabo ne ke tura mai hoto ya ƙara matsawa. Duk wanda ya ga hoton ɗan tsuntsu a tafin hannu, ko na ƙwai an leƙo shi daga sama babu uwa a kai, kada ya yaba, kada ya yaɗa. Ya tambayi mai hoton: ina uwar take lokacin da ka ɗauka?